Yadda Dakarun Fada Suka Bi Mace, Da Yadda Suka Juya Mata Baya

Tambaya: Malam, ni ɗalibar tarihi ce. Na karanta cewa a ƙarni na 13 an yi mata biyu da suka hau gadon mulki a ƙasashen Musulmi, Raziyya a Delhi da Shajaratud Durri a Masar, har ana ambaton sunayensu a huɗubar Juma'a. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sojoji. Yaya aka yi mayaƙa maza, a wancan zamani, suka yarda suka bi mace? In kuma da gaske sun yarda, me ya sa ba a daɗe ba suka juya musu baya?

Amsa: Allah ya yi miki albarka, 'yata, kin sosa mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Na daɗe ina karantar da tarihin waɗannan dauloli, kuma kusan kullum in aka zo kan matan nan sai hira ta tsaya a kan kishi da soyayya da makircin cikin gida, a manta da mutanen da takobi yake hannunsu. In kuwa ba ki san waɗannan mutane ba, ba za ki gane yadda mace ta hau ba, balle yadda ta sauka.

Ki fara cire hoton sojan zamaninmu daga ranki. Sojan fadar Alƙahira ko ta Delhi a ƙarni na 13 ba ƙasa ya yi wa rantsuwa ba. Mafi yawan manyan dakaru bayi ne, Turkawa da aka sayo tun suna yara daga filayen Kifcaƙ da Asiya ta Tsakiya. Ubangida ya saya, ya musuluntar da su, ya sa a koya musu karatu da hawa da harbin baka. In sun kawo ƙarfi ya 'yanta su, ya ba kowa doki da makami, wanda ya yi fice kuma a yanka masa wani yanki ya riƙa karɓar harajinsa yana ci da kansa da mahayansa. Wannan yanki shi ake kira iƙɗa'i, su kuma ana ce musu mamalik. Yaro irin wannan ba uwa ba uba a ƙasar, ba dangi ba ƙabila. Ubangidansa ne ubansa, har sunansa yake ɗauka: wanda Sarki Salih na Masar ya saya a ce masa Salihi, na Shamsuddin sarkin Delhi a ce masa Shamsi. Waɗanda suka tashi gida ɗaya da shi su ne 'yan'uwansa, a Masar ma akwai kalma ta musamman ta wannan zumunci, hushdashiyya. Duk wanda ya san matsayin Shamaki da Ɗanrimi da Sallama a fadar Kano ta da, ya kuma san yadda bawan sarki kan fi ɗan sarki sanin sirrin gida, ya riga ya fahimci rabin maganar.

Biyayyar irin wannan soja a kan abu biyu take tsaye: gidan da ya tashi, da abincin da yake ci. Muddin ubangida na raye, magana ta ƙare. Ranar da ya faɗi sai kowa ya shiga zullumi, wa zai riƙe gidan ya bar kowa a kan muƙaminsa da iƙɗa'insa? Ba lallai ɗan sarki ya zama mafita ba, domin shi ma yana da nasa bayin da suka daɗe suna jiran ranarsu, kuma hawansa na nufin saukar bayin ubansa. A wannan ɗan tsakanin, bayan mutuwar ubangida kafin magaji ya zauna da gindinsa, mata suka fi samun iko.

Shajaratud Durri ita ma baiwa ce. Ƙwarƙwarar Salih Najmuddin Ayyub ce tun kafin ya mallaki Masar. A 1239 duniya ta juya wa Salih baya: baffansa ya ƙwace masa Dimashƙ, rundunarsa ta watse ta bar shi a Nablus, ɗan wani baffan nasa, Nasir Dawud, ya kama shi ya tsare a ganuwar Karak wata da watanni. 'Yantattun sojojinsa kowa ya kama gabansa. Waɗanda suka rage masa 'yan tsirarun bayinsa ne da wannan baiwa, wadda ta zauna tsaren tare da shi. Ta haifa masa ɗa, Halil, wanda ya rasu yana jariri, shi kuma ya 'yanta ta ya aure ta. Da ya samu mulkin Masar a 1240 bai manta da abin da ya gani ba. Ya shiga sayen bayi Turkawa ba ji ba gani, a daidai lokacin da yaƙe-yaƙen Mongol suka cika kasuwanni da yaran Kifcaƙ, ya gina musu bariki a tsibirin Rauda da ke tsakiyar Nilu. Daga kogin ne, da Larabawan Masar ke ce wa bahar, suka samu sunan Bahariyya. A idon waɗannan samari matar sarki ba wata gimbiya ba ce da aka auro daga nesa. Hanyar da suka biyo ita ta biyo, daga kasuwar bayi zuwa gidan Salih zuwa 'yanci, kuma ta riga su shan wuya tare da ubangida.

A watan Yuni 1249 sarkin Faransa Luwis na 9 ya sauka da mayaƙan Salibiyya ya kama Dimyaɗ. Salih na kwance rai a hannun Allah, amma ya sa aka ɗauke shi zuwa Mansura inda runduna ta yi sansani, a can ya cika ranar 22 ga Nuwamba. Magajinsa Turanshah yana Hisn Kaifa, kudu maso gabashin Turkiyya ta yau, tafiyar makonni. Ga abokan gaba a bakin kogi, ga runduna da in ta ji labari za ta iya tsagewa gida-gida.

Sai ta kira mutum biyu, sarkin yaƙi Fakhruddin ɗan Shaihu da babban baban fada Jamaluddin Muhsin, suka rufe maganar. Aka saka gawar cikin jirgin ruwa a ɓoye aka kai Rauda. Kullum ana shiga da akushin sarki kamar yadda aka saba, wanda ya nemi iso a ce masa sarki ba ya jin daɗi, yau ba zai ga kowa ba. Takardun umarni suna ta fitowa da sa hannunsa. Wasu masu tarihi sun ce wani hadimi ne ya iya kwaikwayon rubutunsa, wasu sun ce shi ya bar fararen takardu da ya sa wa hannu kafin ya rasu. Da irin wannan takarda aka tara sarakunan yaƙi suka yi rantsuwar biyayya ga sarki, da ɗansa a bayansa, da Fakhruddin a matsayin jagoran runduna. Aka tura Farisuddin Aktay, shugaban Bahariyya, ya ɗauko Turanshah. Ba a rasa waɗanda suka yi zargi ba, labarin ma ya kai kunnen Faransawa, amma manyan runduna ba wanda ya ɗaga murya, domin kowa ya ga cewa shirun ya fi masa alheri. Sunan ubangida na nan, albashi na fita, muƙamai ba su motsa ba.

Ranar 8 ga Fabrairu 1250 Faransawa suka ƙetare ruwa suka auka wa sansani ba zato, suka kashe Fakhruddin. Ƙanin Luwis, Robert na Artois, ya kutsa cikin garin Mansura da mahayansa, Bahariyya suka ritsa su a lunguna suka gama da su. Runduna ba sarki, ba sarkin yaƙi, amma ba ta watse ba. Zuwa 6 ga Afrilu Luwis da kansa yana hannu.

Turanshah ya iso a ƙarshen Fabrairu, kuma abin da ya yi shi ne mabuɗin tambayarki. Namiji ne, ɗan sarki, jinin gidan Ayyub, halattaccen magaji da aka riga aka yi wa rantsuwa. Ya zo da mutanensa daga Hisn Kaifa ya shiga raba musu muƙamai, ya yi watsi da waɗanda suka ci yaƙin. An ruwaito cewa da dare yakan zare takobi ya riƙa sare kawunan kyandirori yana cewa haka zai yi wa Bahariyya. Ya aika wa matar ubansa da barazana yana neman ta fito da dukiyar marigayi, ita kuma ta kai kuka wurin mamalik. Ranar 2 ga Mayu, a Fariskur, suka sare shi yana wurin cin abinci, ya gudu ya hau wata hasumiyar katako, suka cinna mata wuta, ya diro ya nufi kogi, a nan suka ƙarasa shi.

Da suka zauna shawara, wa za su ɗora? Wani ɗan gidan Ayyub daga Sham zai zo da nasa mutanen, ya kuma nemi fansar jinin ɗan'uwansa. In suka ɗauki ɗaya daga cikinsu, sauran ba za su yarda ba, don kowa na ganin kansa daidai da kowa. Mutum ɗaya ce ta haɗa abin da suke nema: tana ɗauke da sunan ubangida, ta san baitulmali da diwani, ba ta da wata rundunar da za ta kawo ta maye gurbinsu. Ki dubi abin da aka buga a kan dinarenta, kalma bayan kalma: Musta'asimiyya, Salihiyya, sarauniyar Musulmi, mahaifiyar Malik Mansur Halil. Ta jingina kanta da Halifa Musta'asim na Bagadaza, da mijinta, da ɗanta da ya daɗe a kabari. A takardu kuma "Mahaifiyar Halil" take sa hannu. Kalmar tsakiyar nan, Salihiyya, ita ce ta fi nauyi a kunnen soja, domin irin sunan da shi ma yake amsawa ke nan. Ta buɗe taska ta yi rabon riguna da kuɗi da iƙɗa'i, aka kammala yarjejeniya da Luwis, ya mayar da Dimyaɗ ya biya kashin farko na fansa ya tafi Akka.

Kwana 80 ta yi. Abin da ya sauke ta daga wajen gidan Salih ya zo. Sarakunan yaƙi Kurdawa da ke riƙe da Dimashƙ, waɗanda ake kira Ƙaimariyya, ba bayin Salih ba ne, ba su da wani zumunci da ita, suka ƙi mubaya'a suka buɗe wa Nasir Yusuf sarkin Halab ƙofa. Masu tarihin da suka zo daga baya, irin su Maƙrizi, sun kawo cewa halifa ya aiko yana cewa in maza sun ƙare a Masar a faɗa masa ya turo musu. Ga yaƙi na tafe daga Sham, ana bukatar wanda zai hau doki a gaban runduna, ana kuma bukatar amincewar Bagadaza. Sai aka ɗaura mata aure da Izzuddin Aibak, wanda a da shi ke ɗanɗana abincin Salih, ta sauka ta bar masa suna. Sun zaɓe shi ne don matsakaicin sarkin yaƙi ne da suke ganin ba zai fi ƙarfinsu ba, har suka haɗa shi da wani yaro ɗan gidan Ayyub mai kimanin shekara 6, Ashraf Musa, don a rufe bakin mutanen Sham. Zan dawo kanta, domin labarinta bai ƙare a nan ba.

Kada ki ɗauka kuɗi kaɗai ke sayen wannan biyayya. Shekara 157 kafin haka Turkan Hatun, matar Sarkin Saljuƙawa Malikshah, ta yi kusan irin wannan dabara. Mijinta ya rasu a Bagadaza a Nuwamba 1092, ta ɓoye mutuwar, ta bi sarakunan yaƙi da kuɗi a asirce har suka yi wa ɗanta Mahmud rantsuwa, yaron da bai wuce shekara 5 ba, ta samu halifa ya yarda a yi huɗuba da sunansa, ta nufi Isfahan inda taska take. Ga dukiya, ga jinin sarauta, don ita 'yar gidan sarautar Ƙarahaniyawa ce. Amma akwai wani gida da ba nata ba: bayin waziri Nizamul Mulk, wanda aka kashe wata guda kafin rasuwar sarki. Sun san ta daɗe tana gaba da ubangidansu, suna kuma zargin na hannun damanta, Tajul Mulk, da hannu a jininsa. Suka ɗauke babban ɗan sarki, Barkiyaruƙ, suka kai shi Rayy suka naɗa. Da aka haɗu kusa da Burujird a farkon 1093, wasu daga cikin waɗanda suka ci kuɗinta suka sauya sheƙa, bayin Nizamul Mulk kuma suka kama Tajul Mulk suka kashe. Wanda kuɗi ya kawo, in ya hango inda nasara ta karkata, can zai bi. Wanda gida ya ɗaure shi ne ke tsayawa, kuma gidan da ya fi haɗin kai a lokacin yana ɗaya ɓangaren.

Raziyya kuwa ita ta fi ba ni tausayi, don ita ce ta yi yunƙurin zama sarki da gaske. Ubanta Shamsuddin Iltutmish shi kansa bawa ne da ya zama sarki, ya kuma cika daular da bayinsa Turkawa, Shamsiyya, su ne gwamnonin Lahor da Multan da Badayun da sauran manyan garuruwa. Da ya rasu a 1236 suka ɗora ɗansa Ruknuddin Firuz, duk da an ce uban ya nuna Raziyya yake so. Firuz ya shagala da holewa, uwarsa Shah Turkan ta riƙe ragama ta shiga ramuwar gayya a kan kishiyoyi da 'ya'yansu, har aka makantar da wani ɗan sarki, Ƙuɗubuddin, aka kashe shi. Gwamnoni suka yi tawaye. Firuz ya fita yaƙarsu, a bayansa Raziyya ta kai kukanta ga jama'ar Delhi. Ibn Baɗuɗa, wanda ya zo birnin bayan kusan shekara 100, ya ji ana ba da labarin cewa ranar Juma'a ce ta fito saman soro kusa da masallaci sanye da rinannen tufafi irin na mai neman a bi masa hakki, ta yi wa mutane magana. Jama'a suka auka fada suka kama Shah Turkan, dakarun tsakiya suka bar Firuz suka dawo suka yi mata mubaya'a.

Ki lura da waɗanda ba su cikin wannan naɗi: manyan gwamnoni da wazirin Delhi, Nizamul Mulk Junaidi (ba wancan na Saljuƙawa ba). Sun zo suka yi wa Delhi zobe. Ba ta da ƙarfin da za ta kara da su a fili, sai ta jawo biyu daga cikinsu a asirce, sauran suka ji ƙishin-ƙishin suka tsere, aka bi su. Wannan aikin gwani ne. Daga nan ta shiga abin da kowane sarki mai hankali yake yi, wato gina mutanen da za su zama nata ita kaɗai. Kuɗin farko da aka buga a zamaninta da sunan ubanta ne, daga baya aka haɗa da nata, a ƙarshe nata kaɗai. Ta bar zaman bayan labule, ta sa riga da hula irin na sarakuna, tana hawan giwa kowa na ganinta. Ta kuma ɗaukaka Jamaluddin Yaƙut, mutumin Habasha, wanda ke riƙe da muƙamin amir ahur, shugaban bargar sarki, kusan abin da mu za mu kira Shamaki. Muƙami ne na kusa da jikin sarki, kuma Turkawa na ganin gadonsu ne.

Marubutan baya sun mayar da wannan labarin soyayya, kuma har yau shi aka fi yaɗawa. Ni ban ga dalilin bin su ba. Minhajus Siraj Juzjani, wanda ya rayu a zamanin, ita ma ta naɗa shi shugaban makarantar Nasiriyya a Delhi, abin da ya rubuta shi ne Yaƙut ya samu kusanci, sarakunan Turkawa suka ji haushi. Wannan ya isa ya bayyana abin da ya biyo baya. A 1240 Altuniya gwamnan Tabarhinda ya yi tawaye, ta fita da runduna, a can sarakunan yaƙinta suka kashe Yaƙut suka kama ta suka damƙa wa Altuniya, a Delhi kuma aka naɗa ɗan'uwanta Bahram da sharaɗin ɗaya daga cikinsu, Aitigin, ya zama mataimaki mai riƙe da iko. Abin da ya fi ciwo shi ne Altuniya da Aitigin duk ita ta ɗaga su. Amma bayin ubanta ne, ba nata ba, zumuncinsu da junansu ya girmi alherin da ta yi musu. Da Bahram ya sa aka kashe Aitigin, Altuniya ya ga an yi rabo ba da shi ba, sai ya auri fursunarsa suka tara mayaƙa suka nufi Delhi. Aka ci su a watan Oktoba 1240, sauran mutanensu suka gudu suka bar su, aka kashe su kusa da Kaithal.

Kin ce mulkinsu bai daɗe ba. Gaskiya ne, amma ki auna da na mazan da ke gefensu. Raziyya ta yi shekara 3 da rabi. Firuz da ya gabace ta bai cika wata 7 ba, Bahram da ya gaje ta shekara 2 ya yi waɗannan bayin suka kashe shi a 1242, wanda ya biyo shi, Mas'ud, aka tuɓe shi a 1246. A Masar Turanshah bai kai wata 3 a ƙasar ba. Duk wanda ya taɓa abincin bayin tsohon sarki, mace ko namiji, abin da ya samu ke nan.

Ban ce kasancewarsu mata bai yi tasiri ba, ya yi ƙwarai. Mutanen nan sun san hadisin Abu Bakrata da ke cikin Bukhari a kan mutanen da suka jiɓinta al'amarinsu ga mace, jumhurun malamai kuma sun sa zama namiji cikin sharuɗɗan shugabancin al'umma. Bayanin hukuncin aikin malaman fiƙihu ne, ni abin da ya faru nake gaya miki. Juzjani ya jero halayen Raziyya, adalci da hikima da kyauta da jarunta, sannan ya ce amma da yake ba a halicce ta namiji ba, me duk wannan zai amfana mata? Nizamul Mulk wazirin Saljuƙawa ya ware babi guda a littafinsa Siyasatnama yana gargaɗin sarki kada ya bar matan fada su sa baki a mulki, kuma da wuya a ce ba Turkan Hatun yake hange ba. Tasirin a aikace shi ne duk mai son yin tawaye ya samu hujja a shirye, wadda ba sai ya ƙirƙira ba. Sannan mace na bukatar wanda zai ja runduna a madadinta, wanda ya ja runduna kuwa shi sojoji ke gani ranar rabon ganima. In ta aure shi ya zama kishiyarta a mulki. Namiji na iya hawa da bayin ubansa, ya yi haƙuri shekara goma yana sayen nasa har su yi yawa. Mace ba a cika ba ta wannan lokacin ba.

Shi ya sa waɗanda suka fi daɗewa su ne waɗanda suka riƙe iko suka bar wa wani suna. Sittul Mulk ta Faɗimiyawan Masar, bayan ɓatan ɗan'uwanta Halifa Hakim a 1021, ta yi wa dakaru rabon kuɗi ta ɗora ɗansa Zahir, ta kawar da Ibn Dawwas shugaban mayaƙan ƙabilar Kutama da zai iya zame mata ƙaya, ta riƙe daula har ta rasu a 1023. Daifa Hatun, 'yar Sarki Adil na gidan Ayyub, ta riƙe Halab daga 1236 har rasuwarta a 1242 a madadin jikanta mai shekara 7. Majalisar mutum huɗu ke zartarwa, cikinsu har da bawanta Iƙbal, amma ba a yanke komai sai da yardarta. Ba ta nemi huɗuba ba, ba ta nemi a buga kuɗi da sunanta ba, ba kuma wanda ya samu abin kamawa. Jikan nan nata shi ne Nasir Yusuf da ya karɓi Dimashƙ a 1250. Mutumin da kakarsa ta tsare masa gadon mulki shekara 6 ya san sarai mace na iya riƙe ƙasa, rigimarsa da Masar ta gadon gidan Ayyub ce.

Akwai wadda ta fita daban, Sayyida Arwa ta Sulaihiyawan Yaman, wadda aka yi wa huɗuba kuma ta kai 1138 tana mulki daga Zu Jibla, shekaru kusan 50 bayan rasuwar mijinta. Ita tana da abin da sauran ba su da shi: halifan Faɗimiyawa Mustansir ya ba ta matsayin hujja, babban muƙami a tsarin da'awar Isma'iliyya, don haka mabiya na ganin biyayya gare ta addini ne. Duk da haka sai da ta dogara da sarakunan yaƙi ɗaya bayan ɗaya, kamar Mufaddal da ke riƙe da ganuwar Ta'akar inda taskarta take, kuma bayan mutuwarsa ƙasar ta yi ta zaizayewa a hannun shugabannin ƙabilu.

Mu koma Alƙahira. Bayan ta sauka, Shajaratud Durri ta ci gaba da sa hannu a takardu da juya al'amura shekara 7, domin Aibak ya fi zama a fagen fama. A Fabrairu 1251 Nasir Yusuf ya kawo yaƙi har iyakar Masar, ana tsakiyar gumurzu wasu bayin ubansa suka koma wajen Aibak, aka ci shi. Amma Aibak na can yana yin abin da Raziyya ta so yi ba ta samu sarari ba, yana sayen bayinsa, Mu'izziyya, masu amsa laƙabinsa na Mu'izz. A 1254 ya kira Aktay cikin ganuwar Alƙahira, bayinsa, cikinsu har da Ƙuɗuz, suka kashe shi. A daren Bahariyya da yawa suka tsere Sham, har da Baibars da Ƙalawun, waɗanda daga baya suka zama sarakunan Masar. Ko da saninta aka yi ko ba da saninta ba, a wannan dare ta rasa mafi yawan takubban da ke amsa sunan gidan da ta fito.

A 1257 ta ji Aibak na neman auren 'yar Badruddin Lu'ulu'u sarkin Mausil. An fi ba da labarin a matsayin kishi, kuma ba na musun akwai shi, mutum ce. Amma 'yar sarki mai uba da runduna in ta shigo, me ya rage wa tsohuwar baiwa da ba ta da ɗa a raye, mutanenta kuma suna gudun hijira? A watan Afrilu, ya dawo daga wasan ƙwallon dawaki ya shiga wanka, hadimanta suka kashe shi. Da safe aka ce mutuwar fuju'a ce. Dabarar da ta yi aiki a Mansura ba ta yi a nan ba, domin waɗanda ke tsaye a ƙofa yanzu bayin mamacin ne, kuma ba abin da za su samu in sun yi shiru. Suka matsa wa hadimai har suka faɗi gaskiya, suka naɗa ɗansa Ali mai shekara 15. Ragowar Salihiyya da ke cikin ganuwa sun tsaya mata, suka hana a taɓa ta, aka kai ta Jan Hasumiya aka tsare. Kwanaki kaɗan suka iya. Ranar 28 ga Afrilu aka tsinci gawarta a ramin da ke bayan ganuwa, an kuma ruwaito cewa kuyangin uwar Ali ne suka kashe ta da dukan takalman katako.

An binne ta a hubbaren da ta gina wa kanta kusa da maƙabartar Sayyida Nafisa. Yana nan har yau, a cikin mihrabinsa akwai hoton bishiya da aka jera da ƙananan gilasai a kan zinariya, 'ya'yanta na farin ɓawon lu'ulu'u, wato ma'anar sunanta, bishiyar lu'ulu'u. Ɗaya ginin nata kuwa, hubbaren da ta yi wa Salih a jikin makarantarsa a Bainal Ƙasraini, inda aka mayar da gawarsa daga Rauda a 1250, nan ne mamalik suka mayar wurin rantsuwa. Shekaru da dama bayan mutuwarta, duk wanda aka ɗaga zuwa sarkin yaƙi sai ya sauko daga ganuwa cikin jerin gwano ya je gaban kabarin Salih ya yi rantsuwar biyayya, har zuwa lokacin da aka mayar da bikin hubbaren Ƙalawun da ke tsallaken titi.